Benin, 1897: Yadda Sojojin Ingila Suka Kwashe Fadar Oba, da Hannayen da Kayan Suka Bi

A watan Nuwamba na 1896, James Phillips, wanda ke riƙon kujerar babban jami'in Ingila a yankin gaɓar Neja, ya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje da ke Landan takarda yana neman izinin kai yaƙi Birnin Benin domin ya tuɓe Oba Ovonramwen. Ya lissafa abin da yake buƙata: sojoji wajen 400, ciki har da rukunin sojojin Hausa na Legas, da igwa, da bindigar Maxim mai jigida. Ya san manyansa ba jini suke tsoro ba, kuɗi suke tsoro, saboda haka a ƙarshen takardar ya kwantar musu da hankali. Ya ce yana da dalilin sa ran za a tarar da hauren giwa a gidan sarkin wanda zai isa ya biya duk abin da aka kashe wajen kawar da shi.

Lokacin da ya rubuta wannan, ba a kashe Bature ko ɗaya a hanyar Benin ba tukuna. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne cewa Ingila ta je ramuwar gayya ne, kayan fada kuwa tsintuwa ce da sojoji suka yi bayan ƙura ta lafa. Takardar Phillips ta nuna dukiyar fadar tana cikin kasafin yaƙin tun kafin a sami dalilin yin sa.

Benin ɗin da ake magana a nan ita ce ta jihar Edo a Nijeriya, ƙasar mutanen Edo, ba Jamhuriyar Benin mai maƙwabtaka da mu ba, wadda a da ake kira Dahomey.

Abin da ke cikin fadar

A Benin, zubin tagulla sana'ar fada ce. Maƙeran suna da unguwarsu, Igun, suna da shugabanninsu, kuma aikin gado ne daga uba zuwa ɗa. Ba sa zuba wa kowa sai da yardar Oba. Masu sassaƙa hauren giwa ma suna da tasu ƙungiyar. Yadda suke aikin shi ne su fara gina siffar abin da yumɓu, su lulluɓe ta da kakin zuma, su zana duk wani ƙaramin ado a jikin kakin, sannan su sake rufewa da yumɓu. In an gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a kwarara narkakkiyar tagulla ta cike gurbinsa. Kafin a ga abin da aka zuba dole a fasa yumɓun, shi ya sa babu biyu da suka zama ɗaya sak.

In Oba ya rasu, aikin farko na magajinsa shi ne ya sa a zuba kan tagulla don tunawa da shi, a ɗora a kan dakalin kakanni, a kafa haure a samansa wanda aka sassaƙe shi tun daga gindi har tsini da siffofin sarakuna, mayaƙa da dabbobi. Akwai kuma alluna na tagulla, sama da 800, yawancinsu na ƙarni na 16 da na 17, waɗanda a da ake kafawa a jikin ginshiƙan fada. Suna nuna Oba da fadawansa, da irin suturar kowane muƙami, da wanda ke tsayawa dama da wanda ke tsayawa hagu, da 'yan kasuwar Fotugal masu dogon gashi da bindigogi, waɗanda suka fara isa Benin wajen 1485. Mutanen da ba su ajiye tarihinsu a takarda ba, a nan suka ajiye shi. Wanda ya ɗauke allunan ya ɗauke musu kundin da ake komawa gare shi in gardama ta tashi a kan tsarin wani biki ko matsayin wani basarake.

A ɗakin kwanan Oba kuma, cikin wani akwati, akwai wasu 'yan fuskoki na hauren giwa da ake ratayawa a ƙugu. Siffar Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie, wadda mutanen Edo ke cewa da taimakonta ɗanta ya ci yaƙin da ya yi da Igala na Idah a farkon ƙarni na 16. Don ita aka ƙirƙiro sarautar Iyoba, wato uwar sarki.

Hanyar Ughoton

Rigimar ta ciniki ce tun asali. Kamfanonin Ingila suna son manja da roba da katako daga dazuzzukan Benin, Oba kuwa yana karɓar haraji daga dillalan Itsekiri, in sun ƙi biya ya rufe kasuwa. A 1892 wani jami'i mai suna Henry Gallwey ya je Benin ya dawo da wata yarjejeniya da ya ce Oba ya amince da ita, wadda a rubuce ta sa ƙasar ƙarƙashin kariyar Ingila ta kuma buɗe ciniki. Oba ya ci gaba da mulkinsa kamar yadda ya saba, Turawa suka ce ya karya alkawari. Ovonramwen yana ganin abin da ke faruwa da maƙwabtansa. An kama Jaja na Opobo a 1887 an fitar da shi daga ƙasarsa. An rushe garin Nana Olomu na Itsekiri a 1894. An ƙona Nembe a 1895. Ba sai an gaya masa cewa shi ne na gaba ba.

Phillips bai jira amsar Landan ba. A ƙarshen Disamba ya tashi da wasu Turawa takwas da 'yan dako sama da 200, ya aika wa Oba cewa ziyara ce kawai. Oba ya mayar da saƙo cewa yana cikin ibadar shekara wadda ba ya ganin baƙo a cikinta, a dakata. Masu ba Phillips shawara daga cikin Itsekiri suka ce masa ya koma. Ya ƙi. Ranar 4 ga Janairu 1897, a hanyar da ta tashi daga Ughoton zuwa birni, kusa da ƙauyen Ugbine, mayaƙan Benin ƙarƙashin Ologbosere, ɗaya daga cikin manyan fadar Oba, suka yi musu kwanton ɓauna. Aka kashe Phillips da Turawa shida. Biyu suka tsira da raunuka, Alan Boisragon da Ralph Locke. An kashe 'yan dako masu yawa, aka kama wasu, amma jaridun Landan Turawan bakwai kaɗai suka yi wa makoki.

Shaidar da aka bayar a shari'ar da ta biyo baya ta nuna cewa Oba ya so a bar baƙin su shigo, wasu manyan fadarsa ne suka ƙi. Wannan bai canza komai ba.

Rundunar da ta shiga

Abin da Landan ta yi wa jinkiri wata biyu, cikin 'yan makonni ta gama shirya shi. Aka ba Harry Rawson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila na yankin Afirka ta Kudu da ta Yamma, jagoranci. Aka tattaro jirage daga wurare masu nisa, har daga tekun Bahar Rum. Rundunar ta kai mutum 1,200, sojojin ruwa na Ingila da kuma sojojin yankin gaɓar Neja, ban da dubban 'yan dako da aka ɗebo daga Saliyo da sauran garuruwan gaɓar teku don ɗaukar ruwa, harsashi da abinci. Aka raba ta uku. Wani sashe ya nufi Ughoton, wani Sapoba, babban sashen kuma ya bi ta Ologbo.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Sojojin yankin gaɓar Neja baƙaƙe ne, hafsoshinsu ne kawai Turawa, kuma a rahotannin yaƙin sunan da ake kiran su da shi shi ne Hausawa. Asalin abin ya koma 1863, lokacin da John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas daga mutanen arewa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. Ba duka ne Hausawan haihuwa ba. Akwai Nufawa, Barebari, Yarabawa da sauransu, amma Hausa ce harshen bariki, sai sunan ya rufe kowa. Irin waɗannan sojoji aka kai Kumasi, su kuma aka sa a gaba a ƙunƙuntar hanyar daji daga Ologbo zuwa Benin, inda mayaƙan Edo ke harbi daga cikin kurmi ba a ganinsu. A cikin waɗannan makonnin dai, can arewa, wasu sojojin irinsu na kamfanin George Goldie suka ci Bida da Ilorin. Shekara shida bayan haka aka juya bakin bindigar zuwa Kano da Sakkwato. Ba abin alfahari ba ne, amma ɓoye shi ba zai sa ya zama ƙarya ba.

Dabarar Rawson ba ta da wani sirri. A yi ta ɓarin wuta da Maxim cikin daji dama da hagu, ko an ga mutum ko ba a gani ba, a ƙona duk ƙauyen da aka tarar, in an kusa birni a harba rokoki da igwa. Ranar 18 ga Fabrairu 1897 suka shiga Benin. Oba da manyansa sun riga sun fita. Turawa sun ƙirga matattunsu ɗaya bayan ɗaya, sun rubuta sunayensu. Na Edo babu wanda ya ƙirga.

Sun tarar da gawarwakin mutanen da aka yanka don tsafi, wasu an ɗaure su a kan itatuwa. Wannan gaskiya ne, kuma mutanen Benin na yau ba sa musun cewa an yi irin wannan a zamanin da. Hafsoshin sun cika rahotanninsu da shi, jaridu suka ɗauka, aka sa wa garin laƙabin birnin jini. Sai dai takardar Nuwamba tana nan, kuma wanda ya je ceton rayuka ba ya buƙatar ya tattara hauren giwa ya auna shi a sikeli.

Rabon

Akwai hotuna da aka ɗauka a harabar fadar cikin kwanakin nan. Hafsoshi ne zaune da hulunan rana, a gabansu an baje alluna da kawuna da damisoshin tagulla a ƙasa, a bayansu an jera haure kamar itacen girki. Ba su da kamar mutanen da ke ɓoye wani abu, domin a ganinsu ba laifi suke yi ba.

An raba kayan kashi biyu. Akwai ganimar hukuma, wato yawancin hauren da ɗaruruwan alluna, wadda Ralph Moor, babban jami'in yankin, ya aika Landan don a sayar a rage kuɗin yaƙi, daidai yadda Phillips ya tsara. Akwai kuma rabon hafsoshi, wanda aka yi bisa girman muƙami. Moor da Gallwey suka ɗauki fuskokin Idia. Rawson ya ɗebi nasa. George Egerton, shugaban ma'aikatansa, ya ɗebi nasa. Likitocin rundunar ma ba a bar su a baya ba. Sarauniya Victoria aka kai mata damisa biyu na hauren giwa, kowace an haɗa ta daga haure biyar, ɗigon jikinsu na jan ƙarfe. Har yanzu suna cikin dukiyar gidan sarautar Ingila.

Kuratan da suka buɗe hanya da 'yan dakon da suka sunkuci akwatunan a ka har bakin ruwa, ba za ka ga sunansu a jikin katin bayanin kowane gidan tarihi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Rawson ya ƙare a gwamnan wata jiha a Ostareliya, Gallwey ma haka.

Kafin su tashi sun ƙona gidajen manyan sarakunan gari da gidan Iyoba da gangan. Ranar 21 ga wata wuta ta kama fadar kanta ta cinye ta. Turawa suka ce tsautsayi ne, 'yan dako ne suka jawo. Wasu daga cikin hauren da ke gidajen tarihin Turai har yau akwai tabon ƙuna a jikinsu.

Ovonramwen ya miƙa wuya a watan Agusta. Moor ya yi masa shari'a a Satumba, aka kashe wasu daga cikin sarakunansa, shi kuma aka kai shi Kalaba inda ya rasu a 1914. Ologbosere ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe har 1899, aka kama shi aka rataye. Shekara 17 Benin ba ta da Oba, sai a 1914 aka naɗa ɗan Ovonramwen, Eweka II, wanda ya sake gina fada ya kuma tattaro maƙeran Igun suka koma aiki.

Daga jakar soja zuwa akwatin gilashi

Soja bai san darajar abin da ya ɗauka ba, kuma yana son kuɗi. Kafin shekarar ta ƙare an fara gwanjon kayan Benin a Landan. Wani dillali mai suna William Webster ya riƙa bin hafsoshi gida-gida yana saye, yana buga kundin farashi yana aika wa gidajen tarihin Turai. A watan Satumba na 1897 Gidan Tarihin Birtaniya ya baje alluna wajen 300 da ma'aikatar harkokin waje ta ba shi aro, daga baya ta bar masa kusan 200 kyauta, ta sayar da sauran. Wasu kayan ba su ma bi ta Landan ba, 'yan kasuwar Jamus suka saye su a gaɓar teku suka wuce da su Hambug.

Masanan Ingila sun ruɗe da farko. Sun sha rubuta cewa baƙar fata ba ya iya aikin ƙwarai, ga shi kuma an ajiye musu zubin da ya kai duk wanda suka sani. Wasu suka ce Fotugal ne suka koya musu, wasu suka ce daga Masar aka samo. Wanda ya fi kowa saurin gane abin shi ne Felix von Luschan na gidan tarihin Barlin, wanda ya ce aikin na Afirka ne tsantsa, kuma ko Benvenuto Cellini, shahararren maƙerin Italiya, ba zai zuba wanda ya fi shi ba. Ya yi ta saye har ya tara wa Barlin sama da 500. Haka Jamus, wadda ba ta harba harsashi ko ɗaya a Benin ba, ta wayi gari da kaya sama da 1,000 a gidajen tarihinta.

Wannan mataki ne ya fi wuyar warwarewa a yau. Kowane hannu da kayan suka bi ya ƙara musu takarda: rasit, wasiyya, kyauta, lambar rajista. Fuskar Idia da Moor ya ɗauka ta bi ta hannun dillali da wani farfesa kafin ta shiga Gidan Tarihin Birtaniya a 1910. Wata 'yar uwarta ta bi ta hannun Nelson Rockefeller ta sauka a babban gidan tarihin New York a 1972. In ka tambayi gidan, sai ya ce shi saye ya yi ko ba shi aka yi. A kasuwa muna da sunan mai irin wannan saye, ɓarawon zaune, kuma Luschan da takwarorinsa sun san sarai daga inda kayan suka fito, domin dillalan da kansu suna tallata su da cewa ganimar Benin ce.

Farashi ya yi ta hawa. Jami'ar Aberdeen ta sayi kan wani Oba a 1957 a kan fam 750. A 2007 an sayar da wani kan a gwanjon New York a kan dala miliyan 4.7.

Ko doka ta hana a lokacin?

Masu kare gidajen tarihi suna cewa a 1897 ganima halal ce a dokar yaƙi, kuma yarjejeniyar Hague da ta haramta wawashe dukiya sai a 1899 aka sa mata hannu. Ta fuskar kwanan wata sun yi daidai. Yarjejeniyar Hague ta 1954 da ta UNESCO ta 1970, masu kare kayan tarihi, su ma ba sa komawa baya su kama abin da ya wuce.

Amma Ingila ta san hukuncin tun da daɗewa. A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, Wellington, babban kwamandan sojojin Ingila, da kansa ya tsaya aka fitar da zane-zane da gumakan da sojojin Faransa suka kwaso daga Italiya da sauran ƙasashe, aka mayar wa masu su. Taron Brussels na 1874 ya rubuta cewa ba a taɓa kayan ibada da na fasaha a yaƙi. A 1871 firaminista William Gladstone ya tashi a majalisa ya nuna takaicinsa a kan kayan cocin Habasha da sojojin Ingila suka kwaso daga Magdala a 1868, inda har wakilin Gidan Tarihin Birtaniya ya bi rundunar yana saye a gwanjon da aka yi a filin daga. Ƙa'idar tana nan, sai dai an ɗauke ta a matsayin abin da ke tsakanin Bature da Bature. Fadar bazara ta Sin a 1860, Kumasi a 1874, Abomey a hannun Faransa a 1892, Benin a 1897: duk inda aka fita Turai, sai a ajiye ta a gida.

Roƙon da ya ɗauki shekara tamanin

A shekarun 1930 Oba Akenzua II ya nemi a maido masa kujeru biyu na tagulla na kakanninsa. Aka bi sawu aka gano suna Barlin. Abin da ya samu kwaikwayonsu ne, kuma shi ya biya kuɗin aikin. A 1938 an maido masa wasu kayan murjani na kakansa. Daga 1950 Gidan Tarihin Birtaniya ya sayar da wasu alluna da ya ce maimai ne, Nijeriya ta sayi wasu daga ciki da kuɗinta. Da aka zo FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, fuskar Idia aka zaɓa ta zama tambarin bikin, aka roƙi aronta, Landan ta ce ba ta da ƙwarin yin tafiya. Masu sassaƙa na Benin suka yi wata.

Sai bayan 2017, da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi alkawarin mayar da kayan Afirka a jawabinsa na Wagadugu, ƙofa ta fara motsi. A Oktoban 2021 wata kwaleji a Cambridge ta miƙa zakaran tagulla da ake kira Okukor, wanda ya shekara fiye da 100 a wurinta, yawancinsu a ɗakin cin abincin ɗalibai. Kashegari Aberdeen ta miƙa kan da ta saya. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu a kan mayar da mallakar kaya sama da 1,100, a Disamba kuma ministar harkokin wajenta Annalena Baerbock ta kawo kashin farko Abuja. Cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian a Amurka ta saki 29, gidan tarihin Horniman na Landan ya saki 72, Holan ta maido 119 a Yunin 2025.

Gidan Tarihin Birtaniya, mai riƙe da sama da 900, ya kafe a kan dokar 1963 da ta hana shi fitar da abin da ke cikin rajistarsa. Majalisa ce ta yi dokar, majalisa na iya gyara ta, gwamnatoci sun ƙi. Tsohuwar hujjar cewa kayan sun fi tsaro a can ta sha ƙasa a 2023, da gidan ya amsa cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ɗakunan ajiyarsa, har shugabansa ya ajiye aiki.

Mu ma ba mu da bakin yin dariya sosai. A 1973 Janar Yakubu Gowon ya sa aka ɗauko wani tsohon kan Benin daga gidan tarihin Legas ya kai wa Sarauniya Elizabeth tsaraba. A shekarun 1980 da 1990 an fasa gidajen tarihi a Jos da Ife an yi awon gaba da kaya. Waɗannan abin kunya ne, amma sakacin mai kaya bai taɓa mayar da kayansa na wanda ya ƙwace ba.

A hannun wa za a damƙa?

A 1897 babu Nijeriya, babu jihar Edo. Daga fadar Oba aka ɗauki kayan. Yau masu miƙa hannu uku ne: gwamnatin tarayya ta hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, gwamnatin jiha, da fada. Tsohon gwamnan Edo Godwin Obaseki, lokacin yana kan mulki, ya goyi bayan wani sabon gidan tarihi mai zaman kansa a Benin wanda Turawa suka zuba wa kuɗi. Oba Ewuare II ya ce ba da shi ba, kayan kakanninsa gidan tarihin fada za su shiga. A Maris 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a jaridar gwamnati cewa Oba ne mai kayan, shi ne kuma mai ajiyarsu. A Jamus aka yi ta surutu cewa an ba ƙasa kaya ta miƙa wa mutum ɗaya, Jami'ar Cambridge ta jinkirta miƙa wasu 116 da ta yi alkawari. A Nuwamban 2025 masu zanga-zanga suka tarwatsa taron share fagen buɗe sabon gidan tarihin.

A ganina Buhari ya yi daidai a asalin hukuncin, domin wanda aka ƙwace wa shi ake mayar wa, kuma ba hurumin Barlin ba ne ta sa sharaɗi. Amma tambayar ko ɗan makaranta daga Auchi ko Zariya zai iya shiga ya gani tambaya ce ta gaske, kuma 'yan Nijeriya ne ya kamata su riƙa yi wa fada da hukuma ita.

Akwai wata murya ta huɗu daga Amurka. Wata ƙungiya ta jikokin bayi a New York ta kai Smithsonian ƙara, tana cewa tagullar da aka zuba kayan da ita daga mundayen da Turawa ke biyan kuɗin bayi da su ta fito, don haka su ma suna da haƙƙi. Wani binciken kimiyya da aka buga a 2023 ya tabbatar da cewa yawancin tagullar daga yankin kogin Rhine na Jamus ta zo a siffar mundaye. Benin ta sayar da bayi, kamar yadda ta sayar da barkono da haure da tufafi. Kotu ba ta ba ƙungiyar nasara ba, amma magana ce da fada ba za ta iya kauce mata har abada ba.

Kundin intanet na Digital Benin, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022, ya lissafa kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Wannan lissafin cibiyoyi ne kawai. Rabon hafsoshi, wanda ya shiga gidajensu ya zama gado, ba ya ciki, sai dai ya ɓullo jefi-jefi. A 2014 jikan Kyaftin Herbert Walker ya je Benin da kansa ya miƙa wa Oba Erediauwa tsuntsun tagulla da ƙararrawa da kakansa ya ɗauko. A ƙarshen 2010 kuma zuriyar Gallwey suka kai fuskar Idia da ke hannunsu kamfanin gwanjo na Sotheby's, aka yi mata ƙiyasin fam miliyoyi. 'Yan Nijeriya suka yi ca a intanet, iyalin suka janye ta daga gwanjon, amma ba su mayar da ita Benin ba.